Ka Gwada Ta da Kaya a Bayanta

Bungudu,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maigidanka Malam Isa da duk mutanen garejinsa. Allah ya tsare ka a zamanka na Gusau, ya kiyaye hannunka daga ƙarfe, ya raba ka da sharrin hanya da na mugun aboki. Mu nan lafiya lau muke. Innarka na gaishe ka, ta ce ka rage cin tsire a bakin tasha, ka riƙa neman tuwo.

Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, idon ne. Ganin nesa ya riga ya tafi, na kusa nake lallaɓawa da tabarau. Shi ya sa na ɗauki kwanaki ina rubutun nan da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau a zaure.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Maganar da muka bari a tsaye ranar da ka zo ce ta hana ni sakat. Ka shigo da murnarka, ka ce injin a-kori-kurar da na bar maka ya kusa haɗuwa, an sa sababbin fistin da zobba, saura distiribita. Ka ce kai ranka ya kwanta da irin sabon nan na lantarki, wanda ba shi da kwantak, wato 'yan ƙarafan nan masu haɗuwa da rabuwa suna sakin wuta. Ni kuwa ko bari ka dire ban yi ba, na hau ka da faɗa a gaban innarka kamar ka ce za ka sayar da gona. Da na gama, sai ka ce, "Baba, in motag ga ba ta tashi ba bana, Fatakwal za ni. Abokina Shehu ya samo min gurbi cikin wata tirela." Ka ɗauki hularka ka fita.

Tun ranar maganar nan ke cina. Ba na son ka tafi Fatakwal, Lawali. Na faɗa maka a fili don kada ka tsaya kana lalube cikin faɗana. Na san masu bin tirela, na ga yadda suke dawowa gida sau ɗaya a shekara, wasu ma sai dai saƙo. Motar nan ce kaɗai abin da nake da shi da zai riƙe ka tsakanin Tsafe da Gusau da Bungudu, inda innarka za ta riƙa jin hon ɗinka. Kuma ka san halin da injin ke ciki. An fafe shi har ma'auni na ƙarshe, ga tsohon tsagi a gefe da aka ɗinke. Mai fafewar ya gaya wa Malam Isa cewa in ya sake bugawa, sai dai a kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ke nan dama ɗaya ce ta rage, kuma a kan wannan ɗan ƙarfen da kake shirin saye take.

Na san ka san aikin distiribita, amma bari in faɗa yadda ni na fahimce shi. Yana karɓar wuta daga kwayil ya raba wa fulogi huɗu, kowanne a lokacinsa. In wutar ta makara, mota ta yi nauyin jiki, ta sha mai, ta yi zafi. In ta yi gaggawa, sai ta tarar da fistin yana hawa bai kai ba, ta buge shi a ka. Lokacin nan kuma ba ɗaya ba ne kullum. Akwai wasu 'yan ƙarafa biyu a can ciki da 'yan sifirin ɗinsu, su ke matso da wutar gaba in inji ya ɗau gudu. Akwai kuma ɗan kwanon nan na gefe mai jan iska, shi ma yana nasa. Waɗannan su ne halin distiribita, kuma daga waje ba a ganinsu. Biyu za su yi kama kamar tagwaye, ɗaya na motar kaya, ɗaya na motar shan iska.

Ba ka taɓa tambayata inda tsagin nan na gefen inji ya samo asali ba. To, ni na yi shi, kuma da distiribita na yi shi.

Kana firamare lokacin. Motar ta fara yi min tari, in na taka ta sai ta ɗan sarƙe kafin ta amsa. Na cire distiribitan da ta zo da shi, na kama sandarsa na girgiza, na ji tana wasa. Abin da yake so bai wuce a kai wa mai sassaƙa ƙarfe ya yi masa sabon bushi, wato zoben tagulla mai riƙe sandar ba, aikin yini guda. Amma na dube shi na ga ya yi baƙi, ya yi maiƙo, na raina shi. Na jefar da shi bayan ɗaki na hau mota zuwa Sabon Garin Gusau hannu rabbana.

Ka riƙe wannan tun kafin in ci gaba: kada ka shiga kasuwar kayan mota ba tare da tsohon a hannunka ba. Ido na mantuwa. Abin da ka rantse ka haddace a gareji, kana shiga shago ka ga guda goma a jere sai ya watse.

Mai shagon da na shiga wani mutumin kudu ne da ya daɗe a Gusau har Hausarsa ta fi tawa santsi. Ya zube min su a kan tebur. Akwai wani da aka wanke da fetur aka goge, yana ta ƙyalli, murfinsa ja. Hannuna bai je ko'ina ba sai kansa. Na ce, "Wanga za shi shiga?"

Ya ce, "Zai shiga, Direba. Amma daga ƙaramar mota aka cire shi."

Na ce, "Ni dai shiga nit tambaye ka."

Ka ga mutumin bai cuce ni ba. Ya faɗa min gaskiya, ni ne na yi tambayar da ba ita ba, kuma da ya ƙara min da amsar da ta fi tambayata amfani sai na ture ta. Injin ƙaramar motar da na tamu gida ɗaya suka fito, shi ya sa ramin ɗaya ne, ƙusar ɗaya ce. Amma ƙaramar mota mutum huɗu take ɗauka da akwati, sifirin ɗinta masu laushi ne, da wuri take sakin wuta. Tamu buhu take ɗauka. In ka je saye, kada ka tambayi ko zai shiga. Ka tambayi daga jikin wace mota aka cire shi, kuma ka duba lambar da ke kan ɗan farantin da aka manna masa a gefe, ka gwama da ta tsohon.

Ka san al'adar Sabon Gari, har yau ba ta canza ba. A ba ka kaya gwaji, ka je ka ɗaura, in bai yi ba ka mayar kafin rana ta faɗi. Ka kuma san yadda mu direbobi ke gwajin. A ɗaura, a tayar, a yi ta zuga inji a tsaye har maƙwabta su toshe kunne, sannan a fita da mota wayam a zaga gari a dawo. Haka na yi. Wayyo daɗi, ban taɓa jin motar nan ta yi sauƙin jiki irin na ranar ba. Kafin in gama taɓa totur ta zabura. Ban tsaya nan ba ma, na sassauta ƙusa na ƙara murɗa shi gaba kaɗan, don lokacin abin alfahari ne a tasha a ce motarka da taɓawa ɗaya take tashi, kuma in ta fita 'yan kamasho su bi ta da kallo. Na koma shago na ce wa mutumin ya yi, na biya. Ya ce, "Ka gwada da kaya?" Na yi kamar ban ji ba.

Ranar kasuwar Tsafe na yi lodi kamar yadda na saba, wato fiye da kima. Buhunan dawa da wake na manoma uku, su ma suna zaune a kai, sai wani Bafillace dattijo, Malam Ja'e, da raguna biyu da zai kai Gusau. Saboda shekarunsa na sa shi gaba kusa da ni. Mun baro Tsafe lafiya. Muna fara hawan nan na wajen Kwatarkwashi, ina cikin babbar giya, na danna totur, sai na ji wata 'yar ƙara daga cikin inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. In na ɗaga ƙafa ta yi shiru, in na taka ta dawo.

Malam Ja'e ya karkata kai ya ce, "Direba, motag ga kuka takai."

Na ce, "Sabon kaya na, shina zama."

Ya ce, "Mu dai takarkari in yay yi irin wanga nishi, tsayawa mukai mu rage mai kaya."

Na ce, "Malam Ja'e, mota ba takarkari ba ta."

Ya ciro goro ya ɓare. Ni kuma don kada ya ga kamar maganarsa ta kama ni, na ƙi ko sauya giya, na ƙara dannawa. Ba mu kai ƙarshen hawan ba na ji ƙarfinta ya zube. Hayaƙi fari ya turnuƙe ta baya, sai wani bugu guda ɗaya da na ji shi har cikin haƙorana. Da aka buɗe daga baya, an tarar wuta ta huda kan fistin ɗaya, ɓarɓashinsa ya kama, sandarsa ta daki gefen inji ta tsaga shi.

Abin da ya fi min ciwo ba injin ba ne. Ragowar ruwan ƙarshen damina ya sauko mana a wurin, tamfol ɗina kuma a yage yake, waken mutane ya jiƙe a gefen titi ina kallo. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Malam Ja'e ya sauko da ragunansa, ya ɗaura musu igiya, ya ce, "Allah shi kyauta, Direba," ya kama hanyar Gusau a ƙasa, tsoho da shi. Motar ta yi kaka guda a kan duwatsu a ƙofar gida, ni ina bin motocin mutane ina karɓar kuɗin fasinja. Manoman nan uku kuwa, ko da ta tashi, ba su ƙara ɗora min buhu ba.

To ga abin da nake so ka ɗauka a nan, kuma in ka manta da duk sauran takardar ka riƙe shi. Motar kaya ba a gwada ta wayam. Duk distiribitan da ka zaɓa, ka tafi da Malam Isa shagon, ya tsaya maka, a roƙi mai kaya ya ɗaga maka ƙafa, gwajin ya wuce yini ɗaya. Sabon haɗi ne, saboda haka kwanakin farko ka bi ta a hankali ba kaya, har zobba su zauna. Bayan nan ka sa mata rabin lodi ka nemi hawa. Ka shiga babbar giya tana tafiya sannu, ka taka, ka kashe rediyo ka saurara. In ka ji tsakuwar nan, ko 'yar kaɗan ce, ɗaga ƙafarka. Ka sauka gefe, ka sassauta ƙusa, ka mayar da shi baya kamar kaurin ƙwayar dawa, ka sake gwadawa. In sai ka mayar da shi baya sosai har mota ta mutu a jiki kafin ƙarar ta tafi, to ba naka ba ne, mayar wa mai shi. Kuma in fasinja ya ce ya ji wani abu, ka saurare shi, ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Ka tuna kuma wancan lokacin man kirki muke sha daga famfo. Yanzu fa? Kai da kanka ka gaya min kwana ake a layin gidan mai a Gusau, tun da aka ba mu jiha motoci suka yi yawa, man kuma ya yi ƙafa. Dole wata rana ka sha na galan a hannun 'yan bumburutu, kuma ba kowanne ke tsoron Allah ba, wani ya sirka da kananzir. Irin wannan man ba ya jure wuta mai gaggawa ko kaɗan. Saboda haka ka bar ta da ɗan nauyin jiki. Abokanka za su wuce ka a hanya suna maka hon, su ce motar tsoho ta gaji halin tsoho. Ka ɗaga musu hannu.

In kana duba na hannu, irin wanda ake cirowa daga injunan Beljiyam, kada ƙyalli ya ɗauke ka, fetur da tsumma ne. Ka kama sandar ka girgiza ta gefe da gefe, bai kamata ka ji tana wasa ba. Ka murɗa rota, ɗan hannun nan mai juyawa a ƙarƙashin murfi, da yatsa ka saki, lafiyayye zai koma da kansa tsaf, in ya tsaya inda ka bar shi to sifirin sun mutu ko sun ci tsatsa. Ɗan kwanon gefen nan, ka sa baki a bututunsa ka tsotsa, ka toshe da harshe. In ya riƙe harshenka yana da rai. Za ka ji ɗanɗanon tsohon mai, ba ya kisa, na sha shi ya fi a ƙirga. Ka juya murfin ka duba cikinsa a rana, in ka ga wani siririn layi baƙi kamar gashi, wuta na bi ta nan, kuma ranar da aka yi ruwa zai nuna maka. Sannan ka dubi gindinsa, inda yake kama inji, ka jera da tsohon ka ga ko bakinsu ɗaya.

Wani abu kuma, kada ka yi dariya. Kafin ka zare wayoyin fulogi ka yi musu alama, kuma ka lura da inda rota ke kallo. Na taɓa mayar da shi a juye don gaggawa, na leƙa kan kafireto, inda mai ke shiga inji, ina cewa a tayar. Wutar da ta yi tsalle ta tafi da girata da rabin gashin bakina. Sati guda innarka ba ta iya kallona ba tare da ta juya baya kafaɗunta na rawa ba.

Yanzu maganar na lantarkin da kake so. A nan ne na yi maka rashin adalci, kuma zan gyara.

Labarin da nake yawan bayarwa ka san shi. Bara waccan, kafin ido ya sauke ni daga mota, na tarar da wani abokin aikina a hanyar Wonaka da damina, motarsa ta mutu cikin laka da lodin masara ɗanya. Irin na lantarkin ne a jikinta. Na tsaya, muka buɗe murfi, muka yi cirko-cirko. Ba abin kankarewa, ba abin matsewa, sai wani ɗan baƙin akwati a rufe ruf. Da kwantak ne, da na goge shi da gefen kwalin ashana, na auna tazararsa da kwalin, mun tashi kafin shayi ya huce. Haka na ja shi da igiya har Gusau, ya zauna jiran a kawo masa akwatin daga Kano, masarar ta bushe a hannunsa.

Wannan rabin nake faɗa a majalisa. Ragowar rabin da nake haɗiyewa shi ne, tun da ya sa sabon akwatin bai sake buɗe murfin nan ba. Da asuba cikin sanyi motarsa na tashi, ni ina can ina goge kwantak ina neman masu turi. Kuma kwantak ɗin da ake kawowa yanzu ba irin na da ba ne, wani ko wata biyu ba ya yi ya ƙone, kwandansa, ɗan gwangwanin nan da ke taya shi aiki, shi ma haka. Duk na san wannan ranar da nake maka faɗa. Abin da ya sa na ƙi shi, ban iya shi ba ne, kuma tsoho ba ya son a kawo gidansa abin da ɗansa ya fi shi sani. Ka ji gaskiyar.

Saboda haka ban hana ka ba. In shi ka zaɓa, sharaɗin bai canza ba: ya zama daga injin motar kaya aka cire shi, ba na shan iska ba. Ka karɓo shi da kwayil ɗinsa da wayoyinsa, kada a haɗa maka shi da tsohon kwayil a ce ai duk wuta ce. Ka sa wanda ya saba da irinsa ya ɗaura, in Malam Isa bai saba ba ba abin kunya ba ne ya ce bai saba ba. Kuma ka tuna hanyoyin da za ka bi. Kai ba titin Gusau kaɗai za ka yi ba, za ka shiga ƙauyuka da rugage inda in ka tsaya sai dai mai jaki ya wuce ka. Kada ka shiga daji da abin da ba ka iya gyarawa sai da na biyunsa a ƙarƙashin kujera.

Wannan ya kawo ni kan ƙunshin da direban da ya kawo maka takardar nan zai miƙa maka tare da ita.

Shekaranjiya na shiga ɗakin hatsi neman igiya, na yi tuntuɓe da abin da innarka ke tokare ƙyaure da shi. Ba ranar na fara ba, tun da ido ya yi rauni babban yatsana ya san shi. Raina ya ɓaci, na sunkuya na ɗauka zan yi jifa da shi waje. Kafin in ɗaga, hannuna ya gane shi. Na tsaya ina shafawa, ga kwanon gefe, ga ƙugiyoyin murfi.

Na ce, "Ke, wanga ƙarhe ina kis samo shi?"

Ta ce, "Kai kaj jehe shi bayan ɗaki tun Lawali na firamare. Na ga shina da nauyi, nic ce ba ya rasa amfani."

Na ce, "Shekara da shekaru ina tuntuɓe da shi, ba ki hwaɗa min ko mi ne ne ba?"

Ta ce, "Kai ad direba. Ni ƙyaure nis sani."

Distiribitan da motar ta zo da shi ne, Lawali, wanda na raina. Na zauna a zaure na buɗe shi a kan tabarma. Tsohon maiƙon da ya sa na ƙi shi, shi ya tsare cikinsa daga tsatsa. Na wanke da kananzir. 'Yan ƙarafan suna motsi, na murɗa rota ya koma da kansa. Na goge farantin gefe, lambar na nan, ko da yake ni ban iya karanta ta ba ko da tabarau, kai za ka karanta. Kwanon iskar ya mutu, robar cikinsa ta bushe, sai an sauya. Sandar kuma har yanzu tana wasanta, tana jiran bushin da ban yi mata ba tun wancan lokaci. Na daɗe zaune da shi a cinya. Ban ɓoye maka ba, sai da na share ido, don da na kai shi wurin mai sassaƙa a ranar, da yau injinka ba shi da tsagi, da kuma ba a kan dama ɗaya kake tsaye ba.

Ban aiko shi don in ɗaure ka ba. In ka ga dama ka gyara shi ka ɗaura, don shi aka haifa da injin nan, ya san nauyin buhu. In ka ga dama ka riƙe shi samfur, ka shiga kasuwa da shi a hannu. In kuma na lantarkin ka saya, to ka gyara wannan, ka daidaita shi, ka naɗe a tsumma da kwayil ɗinsa ka ajiye ƙarƙashin kujera saboda hanyar Wonaka. Ko wanne ka yi, ni na yarda. Malam Isa ya aiko a tambaye ni ko zan zo Gusau ranar sayen, na ce a'a. Tun da na mallaki motar nan ba a taɓa ɗaura mata ko ƙusa ba na tsaye ba, wannan ne na farko, kuma da gangan na yi. Motarka ce.

In kuma ka yi duk abin da ya kamata, Allah ya ƙaddara injin bai yi rai ba, ba zan riƙe ka da fushi ba. Za ka tafi Fatakwal da albarkata. Amma ina roƙon Allah dare da rana kada a kai ga haka.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. In zobba sun zauna, ka gama gwajinka, kafin ka fara jigilar kasuwar Tsafe, ka ɗauko lodi na gaske ka biyo ta Bungudu. Kawunka na da dawa a Gusau da yake son a kawo masa gida, na riga na yi masa magana. Ka aiko min da ranar. Zan sa a kai min benci bakin titi, daidai ɗan hawan nan na shigowa gari, in zauna tun hantsi. Kada ka yi hon, kuma kada ka rage giya don ka ɓoye min wani abu. Ka hau shi yadda za ka hau in ba kowa. Ba zan gan ka daga nesa ba, ko ka ɗaga hannu ban sani ba. Amma muryar injin nan na san ta cikin motoci ɗari, kuma kunnena bai tsufa ba. In ta hau ba tsakuwa, zan san ɗana ya zauna gida.

Innarka ta ce in gaya maka ƙyaurenta na ta bugawa tun da na ɗauke mata ƙarfe, saboda haka in za ka zo ka taho mata da wani mai nauyi daga bolar gareji, wanda ba wanda zai zo ya ce nasa ne.

Allah ya yi maka albarka. Ya ba ka sa'ar zaɓe, ya sa ka gama lafiya. Ya tsare ka a hawa da gangara, ya tsare waɗanda za su hau bayanka da dukiyarsu, ya dawo mana da kai lafiya duk inda ka nufa. Ka gaida Malam Isa da kyau, ka ce na gode da riƙon da yake maka. Ka gaida Shehu ma, ban riƙe shi da komai ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba Direba.